Noti da Dokar Tukunya

Ni na kafa dokar, kuma har gobe ba na jin kunyarta: babba ba ya sa baki a abincin yara. Ko gishiri za a ɗanɗana, a tafin hannu ake ɗigawa, sau ɗaya tak. Ni ma da ludayi ke hannuna ban wuce haka ba.

Wanda bai san mafari ba zai ce mugunta ce. Malamar asibiti ce ta zo ƙauyenmu da sikelinta da wani ɗan tef mai launi uku da ake zagaya shi a damtsen yaro. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa sai gadon asibiti. Ta auna yaran unguwa kaf, aka ga kusan rabi a rawaya suke. Ta ce kada mu sa rai da buhun komai, ba ta zo da shi ba. Abin da ke gidajenmu za mu haɗa. Wannan ta kawo tafin wake, waccan gyaɗa, mai kaji ta kawo ƙwai, mai lambu ganye da kabewa, a dafa a tukunya ɗaya kullum da hantsi, kowace uwa ta zauna ta ba ɗanta da hannunta. Da aka zo kan gidan wa za a yi, sai duk suka juyo suna kallona. To wa ke da tsakar gida irin tawa? Wa ke da tukunya irin tawa? Na yi shekaru ina girkin taro kafin gwiwoyina su ce sun gaji.

Ranar farko na ga abin da na gani. Iyayen su ma yunwar suke ji, ban musa ba. Cokali ɗaya ya tafi bakin yaro, biyu su ɓata hanya. Matar direba, wadda bakinta ba ya hutawa, in ba magana ba tauna, ta ce wai zafi take dubawa.

Na ce, “Kin duba zafi har kin hango gindin kwano?”

Daga ranar na tsaya a kansu da ludayi. Wadda yunwa ta dama ta jira a gama, ina da abin da zan ba ta a ɗaki, amma kwanon yaro na yaro ne. An zage ni a bayan ido, na ji, ban damu ba, don kafin wata ya zagayo yara sun fara cika hannu.

Sai ga mai faci.

Rumfarsa tana bakin hanya, inda motar kasuwa ke tsayawa. Keke, baro, babur, duk abin da ke da taya shi ke gyarawa. Matarsa ta rasu da damina, zazzaɓi ne bai ko ba ta lokacin jinya ba, ta bar masa yarinya 'yar shekara biyu da 'yan watanni. Yarinyar tana da sunanta mai kyau, amma uban ya laƙaba mata Noti, wai don ƙanƙanuwa ce kamar notin keke kuma kullum sai an neme ta a ƙarƙashin benci. Na yi faɗa a kan sunan nan har na gaji, ƙarshe ni ma na kama.

Ya zo da ita a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar gida da ƙwai biyu a cikin hularsa. Bai yarda ya shigo cikin mata ba. Na fita na karɓe ta, sai na ji kamar zanen da aka naɗe na ɗauka. Gashi ya yi ja, ya yi laushi, ido ne kawai a fuskar. Aka yi sa'a ranar malama ta zo, ta zagaya mata tef, ta daɗe tana kallo. Rawaya ce, amma tsakaninta da ja bai kai faɗin farce ba. Ta duba ta sosai, ta ba ta maganin tsutsar ciki, ta ce ba wata cuta ta gani ba, abinci ne babu a jikin nan.

Na ce masa, “Ɗan nan, me kake ba ta?”

“Komai, Gwaggo. Ba ta ci.”

“Babu yaron da ba ya ci. Samu wuri ka zauna.”

Ya zauna a kan dutsen da ke jikin ƙofa, daga waje. Ni kuwa na ɗora ta a cinya cike da fankama, don a iya sanina ba a haifi yaron da ya taɓa kayar da ni a kan kwano ba. Na raini nawa, na raini na dangi, na raini na maƙwabta. Na zuba mata mai kauri, da gwaiduwa a ciki, na hura, na kai cokali. Ta kalli cokali, ta kalle ni. Ta sa 'yan yatsunta a kwano, ta ɗebo ɗan guntun kabewa, ta miƙo mini har bakina.

“A'a, 'yar albarka, ci abinki. Naki ne.”

Ta saki guntun a ƙasa. Ta rufe baki gam, kamar an ɗaure shi da sifanar ubanta.

Na yi waƙa. Na yi mata jirgin sama da cokali. Na nuna mata ɗan matar direba da ke haɗiya kamar ana binsa da gudu. Na yi rarrashi, na yi barazana, abin da ya shiga cikinta ranar bai fi cokali uku ba, shi ma da kuka. Washegari matar direba ta ce a ba ta, ita ta iya da yara masu taurin kai. Noti ta miƙa mata loma ita ma, baiwar Allah har ta fara buɗe baki ta hango ludayina ta fasa. Duk wadda ta karɓe ta haka ake yi. Ta miƙo, a ce ci abinki, ta rufe baki. Muka yanke cewa yarinyar kyauta ce da ita, irin uwarta, muka yi ta sa mata albarka, ita kuwa tana nan yadda take.

Ana cikin haka surukarsa ta iso, uwar marigayiyar. Daga nesa take, sai an canja mota a hanya. Doguwar mace ce marar yawan magana, irin mutanen da in suka yi shiru sai ka fara tuno laifinka. Ta shigo gidana ana tsakar ba yara abinci, ta gaisa da kowa, ta ɗauki jikarta. Ta bi haƙarƙarin yarinyar da yatsa a hankali. Sannan ta sa aka kira shi. Ranar ya fara taka tsakar gidana, ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa.

Ta ce, “Na ba ka 'ya, Mai ita ya karɓi abarsa, ban ce komai ba. Wannan kam ba zan zuba ido ba. Je ka haɗa mata kayanta.”

Ya ƙara sunkuyar da kai. Wa ke musu da surukarsa?

Ni kuwa bakina bai taɓa jiran izini ba. Na ce, “'Yar'uwa, a gidana kike, ki bari in sa baki. Jikarki ce, ba mai hana ki. Amma dubi yaran nan. Wancan mai kumatun, ranar da aka kawo shi ya fi ta lalacewa. Tukunyar nan tana aiki. Malama za ta dawo awo wata mai zuwa. In tef ya nuna kore, ki bar wa bawan Allah 'yarsa. In bai nuna ba, ni da hannuna zan ɗora miki ita a baya.”

Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta kalli tukunya. Ta ce, “Ke kika faɗa.”

“Ni na faɗa.”

Ta kwana ɗaya ta koma. Da yamma na same shi a kan dutsen nan nasa, Noti ta yi barci a ƙirjinsa. Ya ce, “Gwaggo, in ta tafi da ita, wa zan koma gida in tarar?” Na ce ya daina maganar banza, ba inda za ta. Amma da na shiga ɗaki sai da na zauna a bakin gado na dafe kai, don na yi alkawari da bakin yarinyar da na kasa buɗewa.

Abin da mutumin nan ya yi a makonnin da suka biyo baya, Allah kaɗai zai biya shi. Kullum shi ne na farko a ƙofata. In ya yi facin keke, a ba shi ƙwai ya fi so. Wani ya biya shi da busasshen kifi, ya kawo mini a naɗe cikin takarda kamar zinare. Ya tambaye ni yadda ake daka gyaɗa ta yi laushi, yadda ake wanke ganye, kaurin da ya kamata abinci ya yi kafin a ce ya yi. Na ce in ka ɗaga cokali ya zube kamar ruwa, ruwa ka ba ta. Ya maimaita a bakinsa kamar mai karatu. Kullum in an tashi ina zuba masa a kwano mai murfi ya tafi da shi rumfa don rana. Kullum kwanon ya dawo a wanke, na tambaya ya ce ta ɗan taɓa, sauran ya lalace ya zuba wa kajin maƙwabta.

“Kaji? Kai ba ka da ciki ne?”

“Haba Gwaggo, ai doka ce. Abincin yara ne.”

Na ji daɗin amsar nan, ba zan ɓoye ba. Har na yi wa matan gori da shi, na ce ga namiji ya fi ku jin magana. Shi kuwa wuyansa kullum ƙara tsawo yake yi, wandonsa da igiyar roba yake ɗaure shi. Na ɗauka rashin mata ne ke cinsa.

Wata ya raba, ya fara gangarowa. Noti ba ta faɗa ja ba, ba ta kuma matsa ko'ina ba.

Barona ne ya yi faci, wanda nake ɗauko itace da shi. Na turo shi da kyar har bakin hanya da rana tsaka, ina tafe ina tsine wa ƙaya. Rumfar tasa kwano ne a kan sanduna huɗu, tayoyi a rataye, ƙasa duk ta yi baƙi da mai. Ya ba ni bencin, ya kifa baron, ya zare robar ciki, ya ba ta iska da famfo. Sannan ya tsuguna a gaban daro ya nutsa ta cikin ruwa da hannu biyu, yana juyawa a hankali yana neman inda kumfa za ta fito. Noti tana zaune a ƙasa kusa da gwiwarsa, kwanona a buɗe a gabanta, ba a taɓa ba, ƙudaje sun fara kawo gaisuwa.

Hudar ƙarama ce, ta wahalar da shi. Da ya same ta ya danne wurin da babban yatsa a cikin ruwa don kada ta ɓace masa, ya ɗago kai zai yi mini bayani. “Gwaggo, ƙaya ce, kin gan ta nan, in da kin ƙara tura shi da...”

Bai ƙarasa ba. Noti ta miƙe tsaye ta cusa masa guntun ƙwai a baki.

Wayyo, da kun ga fuskar mutumin nan! Hannu biyu a cikin ruwa, baki cike, ido a kaina kamar ɓarawon da aka kama a rumbu. Ya fara waige-waige yana neman inda zai tofar. Ni ma har na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai idona ya faɗa kan yarinyar. Ba ta koma ta zauna ba. Tana tsaye, hannunta a sama, ta ƙura wa muƙamuƙinsa ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Na ce, “Tauna.”

Ya yi wani gurnani da ke nufin doka.

“Ni ce dokar! Tauna ka haɗiye, ɗan nema!”

Ya tauna. Ya haɗiye. Ta bi maƙogwaronsa da kallo har abin ya wuce. Sannan ta tsuguna a gaban kwano, ta ɗebo, ta kai bakinta. Ba rarrashi, ba waƙa, ba jirgin sama. Ta tauna ta haɗiye, ta ɗebo wani ta miƙa masa.

Babu wanda ya yi motsi a rumfar nan. Na yi masa alama da kai, ya buɗe baki. Ta ba shi, ta ba kanta. Ta ba shi, ta ba kanta. Hudar da ya sha wahalar nema ta ɓace, robar tana yawo a daro, hannunsa yana ɗigar da ruwa a kan wando, hawaye na bin gemunsa, yana taunawa. Ni kuma na ja mayafi na rufe baki don kada in yi wani sauti in ɓata abin. Sai da ta suɗe gindin kwanon da yatsa, ta yi gyatsa irin ta manya, ta koma ƙarƙashin benci tana wasa da murfin gam.

Na ce, “Tun yaushe take miƙo maka?”

“Tun rasuwar uwarta. Kullum.”

“Kai kuma?”

“In ce nata ne. To Gwaggo ga shi kaɗan ne, ya zan ci na yarinya? Da kika kafa doka kuma sai na ce ashe daidai nake yi.”

“Yaushe kake cin naka?”

“In ta yi barci. In akwai.”

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗan cikina ba. Na ce yarinya ta tashi ba ta taɓa ganin ubanta yana tauna ba, ta zo gidana ta tarar da mata cike da tsakar gida kowa baki a rufe, me za ta ce abin da ke kwanon nan? Na faɗa masa maganganu da yawa, rabinsu ni suka dace da su, amma shi ke kusa. Yana ta cewa, “Haka ne, Gwaggo,” yana dariya yana share fuska da bayan hannu, duk ya shafa wa kansa baƙin mai.

Washegari na ce dutse ya ƙare, ciki zai shigo. Ya ce kunya yake ji. Na ce kunya ko 'yarka, zaɓi ɗaya. Ya shigo kamar mai shiga kotu, na shimfiɗa masa buhu a gindin bishiya, ya zauna ya miƙe dogayen ƙafafunsa a tsakiyar mata. Na zuba musu kwano ɗaya, na ƙara ludayi guda a kan na kowa. Na tsaya na yi shela cewa doka tana nan daram, amma mai faci an yafe masa, loma ɗaya shi ɗaya ita, kuma tasa ta zama ƙarama.

Matar direba ta tafa hannu. “Lallai! Mu da muka kawo wakenmu ba a bar mu mun duba zafi ba, sai mai gemu?”

“Ranar da ɗanki ya rufe baki ki zo mu yi magana. Wannan naki in aka yi sake har kwanon zai haɗiye.”

Aka yi ta yi masa tsiya. Wata ta ce a ɗaura masa zane, wata ta ce a auna damtsensa shi ma a ga launinsa. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, Noti tana cusa masa kabewa har hanci. Ta fara cin na hantsi, ta ci na rana, ta ci na dare. Ta fara gudu a tsakar gida tana kora mini kaji. Wata rana ta ƙwace ludayina ta ruga da shi, na bi ta da gwiwoyin nan nawa ina zagi, raina fari tas. Sai dai kwanakin da suka rage ba su da yawa, nama kuma ba ya taruwa a jiki don ana sauri.

Ranar awo malama ta rataye sikeli a reshen bishiya, iyaye suka yi layi. Surukar ta iso da motar safe, ta samu kujera ta zauna gefe, hannu a kan cinya. Mai faci ya zo a makare, abin da bai taɓa yi ba. Noti a kafaɗa, a hannunsa kuma ƙullin kaya. Da na ga ƙullin nan na san ya riga ya sallama.

Aka sa ta a sikeli, allura ta wuce inda take tsayawa da, malama ta ce madalla. Sannan ta zagaya tef a damtse. Na sunkuya har kaina yana gugar nata.

“Ta matsa sosai,” in ji malama. “Ta bar bakin ja da nisa. Amma har yanzu rawaya ce.”

Na yi ƙasa da murya. “Malama, ki ɗan sassauta shi mana, kin matse da yawa.”

“Gwaggo, tef ne, ba ɗaurin zane ba. In aka ci gaba haka, awo mai zuwa kore ce, in sha Allahu.”

Awo mai zuwa! Ni ban yi alkawari da awo mai zuwa ba. Na juya zan fara roƙo, na tanadi maganganu tun daren jiya, sai na ga mai faci ya riga ni. Ya je gaban surukarsa ya tsuguna, ya ajiye ƙullin a gabanta.

“Inna, ga kayanta. Alkawari alkawari ne.” Ya matsar da ƙullin kusa da ƙafarta. “Abu ɗaya zan roƙa. Ba ta ci sai an ci. In ta miƙo miki, don Allah ki karɓa, ko kin ƙoshi. Ki tauna ta gani. In kika ce mata nata ne, ba za ta...”

“Ɗaya ni, ɗaya ita,” in ji tsohuwar.

Ya ɗago kai, karo na farko da na ga ya kalli fuskarta. “Haka ne, Inna.”

“Haka na raini uwarta. Ita ma ba ta yarda da kwano sai ta ga na ci.” Ta kalli yarinyar. “Ashe ta koya mata.”

Nan na san an gama da mu. Abin da ya ci mana kusan wata, mu gida guda na mata da wani mai gemu, matar nan ta san shi tun kafin a haifi yarinyar ma. Da wane baki zan ce ba za ta iya riƙonta ba? Mai faci ya miƙe a hankali ya nufi ƙofa. Bai fita ba, ya tsaya a bakin ƙofar ya ba mu baya.

Tsohuwar ta ce, “Zubo mata, kada mu hau mota da yunwa.”

Na zubo. Ta ɗora jikarta a cinya, ta riƙe kwanon yadda ya kamata, ba sai an gaya mata ba. Noti ta sa hannu ta ɗebo. Kakar ta sunkuyo ta buɗe baki. Yarinyar ta kalle ta, ta waiga hagu, ta waiga dama. Sai ta zame daga cinyar, ta ratsa tsakar gida da ɗan gudunta, abinci yana ɗiga ta tsakanin yatsunta, ta je ta ja ƙafar wandon ubanta.

Bai juyo ba da farko. Ta ƙara ja, ta ce, “Baba. Am.”

Ya durƙusa. Ta sa masa a baki, ta tsaya ta ga ya haɗiye, ta rugo ta dawo wurin kwano ta ci nata. Ta ɗebo wani ta sake komawa. Haka ta yi ta safa da marwa tsakanin kujera da ƙofa, rabin abincin yana ƙarewa a ƙasa, kajina suna biye da ita.

Tsohuwar ba jikarta take kallo ba, shi take kallo. Can ta ce da ni, ƙasa-ƙasa, “Wancan zuwan da na yi, wuyansa bai rame haka ba.”

“Ai kin gan shi yanzu ya yi kyau. Da kamar ƙarfen keke yake. Tun rasuwar bai ci abin kirki ba sai kwanan nan.”

Ta jinjina kai. Ta jira har kwanon ya ƙare. Sannan ta ɗaga murya. “Kai, zo nan.”

Ya zo ya tsuguna, Noti ta haye bayansa.

“Na zo ɗaukar maraya ɗaya, na tarar da biyu. In na tafi da mai ba ka abinci, wa zai ba ka? Kai kuma ƙato ne, ba ka goyuwa.” Ta tura masa ƙullin da ƙafa. “Mayar da kayan nan inda ka ɗauko su. Zan dawo ba tare da na aiko ba. Duk wanda na tarar ya rame a cikinku, ku biyun zan kwasa.”

Ya kifa goshi a kan ƙullin yana kuka kamar yaro, kafaɗunsa suna girgiza, 'yarsa a bayansa tana dariya ta ɗauka doki ake yi mata. Mata suka kaure da hayaniya, wasu na dariya wasu na sharar ido da bakin zane. Ni na shiga kicin na yi kamar ina neman wani abu.

Ba ta yarda ta kwana ba, ta ce motar yamma za ta bi. Ta ɗauki jikarta ta rungume ta, ta daɗe tana shinshina kanta, sannan ta miƙa wa uban. Ta hana shi rakiya, ta ce ya zauna da yarinya. Ni na raka ta. Muna tafe a hankali, ita da tsawonta ni da gwiwoyina. Sai da muka kusa bakin hanya ta yi magana, ba tare da ta kalle ni ba.

“Na saya mata ɗan kwano mai fure. Yana can a kan gadona.”

Na kama hannunta na riƙe, muka tsaya a gefen hanya har mota ta zo.